Rigar da Ba Ta da Maɓalli

A watan jiya na raka jikata asibiti a duba mata kunne. Muna zaune a benci muna jiran layi, sai aka turo wani yaro a keken marasa lafiya, robar ƙarin ruwa maƙale a hannunsa na hagu. Yana sanye da shuɗiyar riga mai igiya uku a kowace kafaɗa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na roƙi uwarsa ta bar ni in duba ɗinkin. Ta dube ni sama da ƙasa, amma ganin furfura sai ta bari. Na zaro tef ɗin awo da ba ya rabuwa da aljihuna, na gwada. Tsakanin igiya da igiya inci uku da rabi, daidai yadda aka tsara shekara goma sha tara da suka wuce. Da muka koma gida na ɗauko biro, na ce bari in rubuta labarin matar da ta fara wannan riga tun da sauran ƙarfi a yatsuna.

Ƙanwar matata ce. A kamfanin ɗinkin da muka yi aiki tare, ba na jin akwai mutum goma da suka san ainihin sunanta. Maɓalli ake ce mata, domin shekara ashirin da bakwai ta yi a tebur ɗaya, gindin taga ta uku, tana sa wa riguna maɓalli. Ni kuma Mai Awo ake kirana. Duk abin da aka ɗinka sai ya biyo ta hannuna kafin ya shiga kwali: in auna, in ja ɗinki, in juya riga ciki waje, sannan in buga hatimi. A makarantar mishan malaminmu yakan ɗora rula a ƙarƙashin rubutunmu, harafin da ya sauka daga layi kuwa a sake shafin gaba ɗaya. Da wannan hali na shiga kamfani, da shi kuma na fita.

Har gobe ina jin jiniyar ƙarfe bakwai da rabi a kunnena. Keken ɗinki ɗari da ashirin su tashi lokaci guda, ƙasa ta ɗauki rawa a tafin ƙafarka. Ga ƙanshin sabon yadi haɗe da man keke, ga burbushin zare da ke sauka a girar mutum, kafin a tashi kowa ya yi furfurar aro. Cikin wannan hayaniya Maɓalli take zaune, kanta a sunkuye. Inji yakan kafa maɓalli, amma ita ba ta yarda da inji. Sai ta bi kowane ɗaya da allura, ta naɗa zare sau huɗu a gindinsa, ta ƙulle. Ban taɓa mayar mata da riga ko ɗaya ba, kuma ba don zumunci ba ne. Allah ya sani na nemi kuskurenta ruwa a jallo.

"Mijin Yaya, ja da ƙarfi mana," takan ce idan ta hango ni ina gwada aikinta. "Ko Yaya ba ta ba ka karin kumallo ba ne yau?"

"Ki ci gaba. Wata rana zan kama ki."

"Sai dai ka kama tsufa."

Da wannan tebur ta rene yara huɗu bayan rasuwar mijinta. Abu ɗaya kawai na san ta taɓa sa wa rai don kanta. A kamfaninmu, duk wanda ya yi ritaya ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, ana ba shi agogon bango na katako, an zana sunansa a ɗan farantin tagulla. A zamanina mutum bakwai kaɗai suka samu. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, saura wata bakwai Maɓalli ta ajiye aiki, kuma tuni ta buga ƙusa a bangon falonta, saman rediyo. Baƙo ya tambaya ƙusar mece ce wannan, sai ta ce, "Ta agogona ce, yana hanya."

A shekarar ne aka kawo mana sabon manaja, mutum mai zafin nama, mai son a yi abu a gani. Bayan katangarmu akwai asibitin yara, tafiyar minti goma sha biyu a ƙasa. Yawancin iyayen daga nesa suke zuwa, su yi sati, su yi wata, suna kwana a baranda a kan kwali. Manaja ya ce ba zai yiwu muna maƙwabtaka da wannan mu kau da kai ba. Kamfani ya gyara wa iyayen ɗaki biyu, ya ja musu famfo, ya kafa igiyoyin shanya. Motar ma'aikata ta riƙa kai su tasha duk Asabar. Aka kuma ba kowane ma'aikaci yini ɗaya a wata ya je ya zauna da yara, domin iyaye su samu su yi wanka, su yi wanki, su ɗan miƙe baya. Duk wannan ya yi amfani, kuma ina alfahari da shi har yau.

Sai maganar riguna. Mu masu ɗinki ne, me ya fi dacewa mu ba yara in ba riga ba? Muka zage muka yi aikin da ko na kanti ba mu yi wa irinsa. Yadi mai kauri, shuɗi. Ɗinki biyu a kowace gaɓa. Dogon hannu mai matsattsen baki, don kada sanyi ya shiga. Maɓallan ƙarfe shida masu ƙyalli, Maɓalli da kanta ta kafa su. Tambarin kamfani kuwa aka saƙa shi da farin zare a kafaɗar hagu. Na auna ɗari biyu da arba'in ɗaya bayan ɗaya, ban sami aibi ba, na buga hatimi. Aka kai ɗari biyu, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto. Arba'in suka rage a sito, aka kuma sa ranar da za a yanka wasu ɗari biyar.

Bayan sati uku layi ya zo kan Maɓalli, ranar wata Asabar. Abin da ya faru a ɗakin yaran daga bakinta na ji, daga baya kuma babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta tabbatar mini.

Ta shiga tana baza ido ta ga aikinta a jikin yara. Gado ashirin da huɗu, babu shuɗiyar riga ko ɗaya. Wasu yaran an lulluɓe su da zani, wasu ƙirji a waje. A gado na tara ta ga wata yarinya 'yar shekara shida, an ɗaura mata zanin uwarta a ƙarƙashin hammata, gefen shuɗin yadi kuma ya leƙo daga ƙarƙashin matashinta.

"'Yar nan," ta ce wa uwar, "rigar ba ta yi muku ba ne?"

"Haba Mama, ta yi mana. Kullum sai 'Yar Baba ta ciro ta ta shafa maɓallan, ta mayar. Gobe ma babanta zai zo, tun jiya take mini kuka wai ba za ta fita baranda da zani ba, sai da rigarta."

"To, ki sa mata mana."

Sai uwar ta nuna hannun yarinyar. Allura a bayan hannu, an danne da filasta, roba ta tashi daga nan har zuwa ledar ruwan da ke rataye a ƙarfe.

Sista tana wucewa da tire ta tsaya. Ba ta san da wa take magana ba, kuma ko ta sani ba na jin za ta sassauta.

"Rigunan kamfani? Ai 'yan makaranta suka ɗinka wa, ba 'yan gado ba. Kafin hannu ya shiga wannan matsattsen abu sai na cire roba. In allurar ta goce, sai na sake neman jijiya, yarinyar nan kuwa sau biyar muka huda ta kafin mu samu wannan. Ga maɓallan ƙarfe, duk wanda za a yi wa hoton ƙirji sai an tuɓe shi. Wanda ya kafa su dai ya iya aiki, na ja na ja sun ƙi fita."

"Ni ce," in ji Maɓalli.

Sista ta ce, "To, sannu da aiki."

"Ranar da aka kawo fa? Na ga hoto, duk suna sanye da ita."

"Waɗanda ba su da allura muka jera a gaba."

Maɓalli ba ta fita ko'ina ba tare da ɗan almakashi da allura a jaka ba. Ta zauna a bakin gado ta karɓi rigar. Ta farke ta daga wuya, ta bi kafaɗa har bakin hannu, dama da hagu. Ta yanke maɓallanta shida, ta ɗinke gaban rigar. Ta roƙi Sista bandeji, ta yayyanka, ta kafa igiyoyi. Minti arba'in. Sannan ta zura wa yarinyar rigar ta ƙafa, ta ja sama, ta ɗaure kafaɗu, ba ta ko taɓa robar ba. 'Yar Baba ta ce a ba ta madubi. Babu madubi a ɗakin, sai Sista ta goge bayan tiren ƙarfe ta riƙe mata. Maɓallan shida kuwa yarinyar ta dunƙule su a hannu, ta ce nata ne.

Ranar Litinin Maɓalli ta sami shugaban sashe ta faɗa masa. Ya ce Manaja ya riga ya sa hannu a samfur, ta bari sai taron ƙarshen wata. Ta ce ai ranar Juma'a za a yanka ɗari biyar. Ya ce wannan ba aikin teburinta ba ne. Da aka tashi shan shayi ta zo wurina. Dole in rubuta wannan yadda ya faru, ko da ba ya yi mini daɗi. Na saurare ta da kunne ɗaya, na ce, "Rigar nan ba ta da aibi, ni na auna ta." Ta dube ni, ta ce, "Ka auna riga, Mijin Yaya, ba ka auna yaro ba." Na ɗauka tsokanarta ce ta kullum.

Ranar Alhamis da safe na shiga sito na buɗe kwalin da ya rage. Ashirin da takwas a ninke yadda na bar su. Sha biyu kuwa a sama, an farke kafaɗunsu, babu maɓalli, an kafa musu igiyoyin yadi. Tambarin kamfani ya rabu biyu, rabi a gaba, rabi a baya. Ba sai an gaya mini ko aikin wa ba ne, domin gindin kowace igiya an naɗa zare sau huɗu. Mai sito ya ce ranar Laraba ta karɓa, ta ce za ta duba maɓallai, shi kuma bai nemi takarda ba, tun da Maɓalli ce.

Doka ta goma sha ɗaya a littafin ma'aikata a fili take. Fitar da kaya daga sito ba takarda, gargaɗi ne. Lalata kaya mai tambari da gangan, kora ce.

Na same ta gindin tagarta. Na sunkuya don kada na kusa su ji.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Saura wata bakwai!"

"Na sani. Yara sha biyu Sista ta ƙirga mini masu allura. Ran Asabar zan kai musu."

"Ki bari in mayar da su ƙasan kwali, mu san yadda za a yi."

Wannan ne karo na farko da na taɓa yi wa wani irin wannan tayi, kuma na ƙarshe. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In ka ɓoye, gobe a yanka ɗari biyar irin na da. Na bi ta baki, ba a ji ba. Rubuta, Mijin Yaya. Takardarka kaɗai ce ke isa teburin Manaja a yini ɗaya."

Na rubuta. Ƙarfe huɗu da minti goma na miƙa. Da yamma a gida matata ta ajiye mini abinci ba ta zauna ba. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina zaune da rula, ni ina cewa miji ne." Ban iya cin ko loma uku ba.

Juma'a ƙarfe tara aka kira mu ofis: ni, da shugaban sashe, da ita. Ƙarfe goma sha ɗaya za a fara yanka, an riga an shimfiɗa yadi a dogon tebur. Manaja ya ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu, ransa a ɓace.

"Mama, shekara ashirin da bakwai babu ko ɗigo a fayil ɗinki. Kyauta muka yi wa yaran nan, ke kuma kika sa mata almakashi. Me za ki ce?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da baki. Amma ina roƙon aron hannunka na minti biyu."

Kafin ya amsa ta juyo ta zare tef ɗin awo daga wuyana. Ta ɗaura baki ɗaya a wuyan hannunsa na hagu, ɗaya bakin kuma ta ɗaure a ƙarfen taga, can sama. Ta ɗauko kwat ɗinsa daga bayan kujera ta miƙa masa.

"Wannan allura ce, wannan kuma ledar ruwa. Sa rigarka. In ka kwance, an sake huda ka. In ka ja da ƙarfi, an sake huda ka."

Manaja ya dube ni, na dubi silin. Ya zura hannun dama, lafiya lau. Ya kawo na hagu, tef ya tare. Ya juya, kwat ta naɗe masa a wuya. Ya cire ya fara da hagu, hannu ya shiga, amma tef ya bi shi ciki ya tattare hannun rigar har gwiwar hannu.

"Ka ja," in ji Maɓalli. "Huda ɗaya."

Ya sake gwadawa, yana haki.

"Biyu. Ita sau biyar aka yi mata, kuma shekararta shida. In ka ga dama in gyara maka kwat ɗin, almakashina na nan."

Shugaban sashe ya yi tari don ya ɓoye dariya. Manaja bai yi dariya ba. Ya tsaya da rabin kwat a jiki, hannu ɗaya a sama, yana kallon rigar da ke kan tebur. Can ya ce, "Kwance ni." Da ta kwance shi ya ɗaga waya ya ce kada wanda ya taɓa yadin nan sai ya sauko.

Ya zauna ya ɗauki biro. Ya ce riguna sha biyun nan ba lalatattu ba ne, samfur ne, Mai Awo ya auna su ya buga hatimi. Maganar kora ta mutu ke nan. Sai ya dubi takardata.

"Saura fitar da kaya ba takarda. Mai Awo, wannan ta shiga fayil?"

"Jiya, ranka ya daɗe, huɗu da minti goma."

"Abin da ya shiga ai yana iya fita."

Na buɗe baki zan ce haka ne, Maɓalli ta riga ni.

"A'a, ranka ya daɗe, a bar ta. Na ɗauka ba takarda, kuma na yi wa mai sito ƙarya. In ka cire, kafin a tashi duk kamfani zai ce don mijin yayata ne mai hatimi. Shi a ɓata shi, ni kuma in rataya agogon da ba zan iya kallo ba."

"Kin san gargaɗi ɗaya ya isa ya hana ki agogon?"

"Ni da na buga ƙusa?"

Ni aka sa na rubuta takardar gargaɗin, domin a kamfanin babu mai rubutu kamar nawa. Layi shida ce. Sau uku ina sake ta.

Wata bakwai ɗin da suka rage mata ba ta koma teburin maɓalli ba. Ita da Sista suka zauna suka fitar da sabon samfur, ni ina riƙe da tef. Aka sauya yadi zuwa mai laushi, aka buɗa hannu. Inci uku da rabin nan ba daga kaina ya fito ba: faɗin da roba da yatsun nas biyu za su wuce ne ba tare da an kwance igiya ba, a hannun Sista muka gwada. Tambari ya koma can ƙasan riga ta baya, ƙarami, Manaja da kansa ya ce a mayar da shi nan. Aka ɗinka ɗari biyar, aka karɓo ɗari biyun farko aka gyara. Da wasu asibitoci suka aiko suna tambaya, ya ce a ba su samfurin kyauta. 'Yar Baba ta fita baranda ranar da babanta ya zo, kuma bayan wata biyu aka sallame ta. Iyakar abin da na sani game da ita ke nan, ba zan ƙara abin da ban gani ba.

Ranar ritayar Maɓalli an yi jawabi, an tafa, babu agogo. Ni na samu nawa bayan shekara biyu. Na naɗe shi a tawul na kai mata. Ta ce in mayar, ba za ta zauna da sunana a falonta yana yi mata ƙaf-ƙaf ba.

Satin da ya wuce na je na ba ta labarin yaron da na gani. Idonta ya yi rauni yanzu, sai jikarta ta zura mata zare. Ƙusar tana nan saman rediyo, kuma abin da ke rataye a kanta takardar gargaɗin nan ce, an sa ta a gilashi.

"Ka auna?" ta ce.

"Na auna."

"Nawa?"

"Uku da rabi. Sai dai gindin igiyar sau biyu suka naɗa."

"'Yan yanzu ke nan." Ta gyara zama. "To Mijin Yaya, ka dai kama ni."

"Sau ɗaya, kuma ke kika miƙo hannu."

"Tun da kai ka hana ni agogo, sai ka gaya mini ƙarfe nawa. Ina da maganin sha."

Na duba hannuna na gaya mata: huɗu da minti ashirin da biyu.